Riyal ɗin Sadakin Uwani

Illela, watan Azumi, 1971

Zuwa ga Labo ɗan Hamidu, a ma'aikatar siminti ta Malbaza.

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ina gajiya, ina azumi? Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke tashi in an yi sanyi. Hatsi ya shiga rumbu, ba yabo ba fallasa.

Ni ce Tsahara, jikar Alheri da Uwani. In ka manta ni, kakanka Chindo ƙanen kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na san ba mu gaisa ba tun rasuwar mahaifiyarka, kuma ban rubuto don in gyara wannan ba. Buƙata ce ta kawo ni.

Ɗana Inusa yana neman aure a Dogarawa, ɗiyar wani Alkasum, sunanta Kande. Yarinya na so, yaro na so, an kai gaisuwa an karɓa. Sai dangin uban suka shiga bincike, suka tono maganar nan da gidanku ya shuka tun ba a haife mu ba, wai kakata Uwani ba aurenta aka yi ba, sayo ta aka yi daga arewa. Ka san abin da wannan ke nufi. In maganar ta zauna, Inusa ba shi da mata a Dogarawa, ba shi da ita a duk ƙasar nan.

Abin da muke da shi guda ne, riyal ɗin da Alheri ya ba ta sadaki. Baiwa ba a ba ta sadaki. Babban kuɗi ne irin na da, gefe ɗaya kan wata mace mai ƙiba, gefe ɗaya tsuntsu mai kai biyu, ya yi baƙi don tsufa. Na nuna wa ƙanen Alkasum, ya juya shi ya juya, ya ce dalma ce aka shafa wa ruwan azurfa, irin wadda ake rataya wa yara. Ya ce wanda ya ba mace dalma bai aure ta ba, wasa ya yi mata. Alkasum ya ba mu zuwa Sallar Layya mu kawo tabbaci.

Ga shi nan na ba Hamani direba ya kawo maka hannu da hannu. Kana aiki da Anasaru, kana shiga Konni, ka sa a duba ko azurfa ce ta gaske, da abin da ta kai. Kada ka ɗauka don na yarda da kai ne. Na zaɓe ka don daga gidanku sharrin ya fito, in bakin gidan Chindo ya ce azurfa ce, ba mai sake musu. Kuma ka sani, akwai alama a jikinsa da na sani, ba zan faɗa maka ba. In ka musanya shi zan gane.

Malam Sha'ibu da ke rubuta mini a bakin posta ya ce in cire maganar nan ta ƙarshe. Na ce ya bar ta.

Wassalam.
Tsahara

Malbaza, Nuwamba 1971

Yaya Tsahara,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙurar siminti da ke sa mu tari, mun saba. Allah ya sauwaƙe ƙafa.

Saƙo ya iso. Hamani ya sa na buɗe ƙunshin a gabansa, ya tsaya yana kallon hannuna, na san ke kika ce ya yi haka. Shekara da shekaru ba ki tambayi ko ina raye ba, ranar da kika tuna da ni kuma sai kika haɗa roƙo da zagi a takarda ɗaya. Ni ke riƙe da mabuɗin sito a nan. Kayan da ke ratsa hannuna a wuni guda sun sayi unguwarku da rumbunanta, ban taɓa ɗaukar ko ƙusa ba. Riyal ɗinki ne zai mai da ni ɓarawo? Alamarki ki riƙe abarki, ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Maganar gidanmu, waɗanda suka faɗa suna ƙasa, je ki tambaye su. Ni ɗan zamani ne. A nan Buzu da Bazabarme da Bahaushe layi ɗaya muke bi ranar biya, ba mai tambayar kakar wani. Kuma ko da a ce Uwani baiwa ce, ai malamai sun ce ɗan da ta haifa wa ubangijinta ɗa ne. Ban ga abin tada hankali ba.

Zan yi aikin saboda Inusa, don ya taɓa gaishe ni a tasha da ladabi, ba don ke ba. Na buga riyal ɗin a kan dutse, yana da ƙara mai daɗi, amma ni ba masani ba ne. Akwai wani Anasara injiniya a nan mai tara tsofaffin kuɗi a akwati, zan nuna masa in ya dawo daga Yamai. Ki yi haƙuri, kada ki dame ni da aike.

Labo Hamidu

Illela, bayan ƙaramar Salla

Labo,

Barka da Salla, in ta same ka lafiya. Mu mun yi tamu ba daɗi.

"Ko da a ce Uwani baiwa ce." Na sa an maimaita mini wurin nan har na haddace. To, na gode. Sadakinta na hannunka, amma bakinka bai iya barin abin da aka shayar da kai ba. Uwarka ma da "ko da a ce" take farawa. Ranar sunan ƙanwarka ta sa aka ajiye mana tuwo a bakin zaure tare da masu ɗebo ruwa, dangi na ciki suna ci. Ina ƙarama lokacin, amma na ga uwata ta rufe kwanon ba ta taɓa ba.

Wata ya wuce ba labari. Jiya a kasuwa wani mai kai kaji Malbaza ya ce an ga Anasaran nan ya shiga mota da ƙunshina, kuma an ji rediyo na kuka a gidanka. Ban ce komai ba, tambaya nake yi, da me aka sayi rediyon? Inusa ya daina cin abin kirki, kullum yana tasha yana jiran Hamani. In ka sayar, faɗa mini in san inda zan kai ƙara, jandarma ba su da nisa da gidana. In ba ka sayar ba, Layya na matsowa.

Tsahara

Malbaza, Janairu 1972

Yaya Tsahara,

Lafiya muke, ina fatan ku ma. Rediyo na surukina ne, gyara ya kawo. Ki gaya wa mai kajinki ya kula da kajinsa. Maganar da kika haddace kuma, lallashi na yi nufi, amma ke ko ruwa aka miƙo miki sai kin nemi dafi a ciki.

Ga labarin riyal. Anasara ya dawo, ya duba da gilashi, ya yi murmushi. Ya ce matar wata sarauniya ce a Turai, ta mutu tun tuni. Lambar da ke gefen tsuntsu 1780 ce. Na yi murna, na ce ashe ya kusa shekara ɗari biyu. Ya ce a'a, duk irinsa wannan lambar ce a jikinsu, har waɗanda aka buga a zamaninmu, don fataken Larabawa da Habasha ba su karɓar wanda aka sauya wa lamba. Ya buɗe akwatinsa ya nuna mini guda uku, kamar rana ɗaya aka haife su da naki. Ya ce ba abu ne mai wuyar samu ba, darajarsa nauyin azurfarsa ce kawai, in azurfar ce, don na jabu sun yi yawa. Ya tafi da shi gida ya auna, abin da mai kajinki ya gani ke nan. Ya ce nauyi ya yi kusa, amma abin da ke ciki sai maƙeri.

Ranar Laraba na bar aikin wuni na tafi Konni, wurin wani maƙerin fari a bayan kasuwa. Ya jiƙa shi a ruwan tsamiya, ya goge da toka, baƙin ya fita. Ya ce ba a gane shafe sai an ci cikinsa da magagari. Na ce kada ya ɓata mana kuɗi. Ya ce ai ga wani tsohon rauni a bakinsa, wurin ya riga ya lalace, nan zai ci. Ya ci, ya ɗiga ruwansa, ya nuna mini, fari tas har ciki. Azurfa ce ta gaske. Sannan don kirki ya bi wurin ya daidaita shi ya yi sumul, bai karɓi ko tamma a kan wannan ba.

Ga shi nan Hamani zai kawo miki, yana ƙyalli, ya fi yadda ya zo kyau. Ni Labo jikan Chindo na ce azurfa ce. Abin da kika nema ke nan. In kina so ki biya da shi wurin jandarma su gani.

Labo Hamidu

Illela, ana jibi Layya

Labo,

Ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Muna raye.

Ka kashe mu. Wannan tsohon raunin shi ne alamar, saran gatarin kakanka ne. Ranar da aka raba gadon Alheri, Chindo ya ce riyal na cikin dukiya, ya kife turmi ya ɗora shi, ya ɗaga gatari zai raba shi biyu. Sara ɗaya ya yi, ya kama baki, liman ya riƙe masa hannu ya ce a gaban jama'a, wannan sadakin matar ne, ba ya shiga gado. Saran nan shi ne shaidarmu. Azurfa kowa na iya saye a kasuwa, ai kai ma ka ce Anasara na da uku.

Mutum ɗaya ta rage da ta ga ranar, Tanimun, 'yar Illela ce da aure ya kai gidan su Alkasum. Tana yarinya lokacin. Yanzu idonta ya tafi, sunaye sun ɓace mata, ba ta tuna ko gidan wa ne. Amma tana tuna gatarin da maganar liman, kuma an ba yara sun taɓa wurin saran, har da ita. Ta ce duk wanda ya kawo riyal mai saran nan, kakarsa ce matar. Alkasum ya ce in maƙeri ya ce azurfa, tsohuwa ta ce shi ne, a ɗaura aure bayan Salla.

Na kwance ƙunshin na ga bakin sumul. Na ɗauka musanyawa ka yi, sai da aka karanta mini takardarka. Da ma musanyawar ka yi, da na san nawa yana wani wuri.

Duk da haka na tafi, me zan yi? An shimfiɗa tabarmi a zauren Alkasum, dattawa sun cika, aka fito da tsohuwa. Na sa mata shi a tafin hannu. Ta bi bakinsa da babban yatsa, ta zagaya, ta sake zagayawa, ta kai hanci ta sansana. Ta ce, "Wannan sabo ne. Ina mai saran?" Na ce, "Inna, shi ne, gyara shi aka yi." Ta ce, "Ɗiyata, ba zan yi shaidar zur ina bakin kabari ba." Ta miƙo mini. Ƙanen Alkasum ya ce, ashe har Konni ake zuwa sayen kaka. Aka yi dariya. Inusa na tsaye a ƙofa yana ji.

Kakanka ya so ya raba mu da shi bai samu ba, kai ka ƙarasa masa aikin. Ban sani ba ko da gangan ka yi. Ko ta yaya ne, na tsane ka.

Tsahara

Malbaza, Fabrairu 1972

Yaya Tsahara,

Mun yi Salla lafiya. Takardarki ta kwana biyu a buro, wato ofishinmu, kafin a ba ni, shi ya sa kika ji shiru.

Da gangan? Wa ya ce akwai alama, ba zan faɗa maka ba? Da kin ce mini Labo kula da bakinsa, da na tsaya a kan maƙerin nan kamar mai gadi. Kin ɓoye don ki kama ɓarawo, ga abin da kika kama. Labarin gatari ban taɓa jinsa ba, a gidanmu ba a ba da shi. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye miki ba, abinci ma ba ya shiga. Amma ba zan ɗauki laifin ni kaɗai ba, rabinsa naki ne.

Na koma Konni. Maƙerin ya ce yana tuna wurin, sara ne mai zurfi, kuma zai faɗa wa duk wanda ya zo tambaya. Har ya ce in ana so a kawo ya sake sara shi daidai wurin, na ce ya rufe mini baki.

Ga wata takarda na haɗo, da sunana da sa hannuna, cewa riyal ɗin da kika aiko shi na mayar, da sara a bakinsa ya zo, a gabana aka goge. Na ƙara da cewa ni jikan Chindo ban san Uwani da bauta ba. Ki kai wa Alkasum. Iyakar abin da zan iya ke nan, kuma ya fi abin da zaginki ya cancanta.

Labo Hamidu

Illela, ranar kasuwa

Labo ƙanena,

Ina gaisuwa, ina gaida mai ɗakinka da yara. Ƙafa ta matsa mini, wannan karon sai da aka ɗaga ni aka sa a mota.

Na kai takardarka Dogarawa. Alkasum ba mugu ba ne, ya sa aka karanta. Sannan ya ce, "Sa hannu ba shi da wuya, maƙeri kuma abin da aka gaya masa zai faɗa. Wannan Labon, an ce yana da ɗiya budurwa?" Na ce yana da ita, Halima. Ya ce, "To ya zo, ga Malbaza ga Dogarawa. Ya zauna a tabarmar nan ya ce a gaban dattawa, da Halima Inusa ya nema, da na ba shi. Ban ce ya ba shi ba, kowa ya san inda ran yaron yake. Ya faɗa kawai da bakinsa mutane su ji. In gidan Chindo na iya haɗa jini da ku, ni wane ne in ƙi?"

Ka ji. Ba sauran riyal, ba maƙeri, ba Anasara. Magana ɗaya ce, tafiyar kuma ba ta kai ka nemi ruwa a hanya ba. Ya ba mu zuwa Juma'a ta sama, don wani ɗan kasuwa daga Galmi ya aiko neman Kande, kuma 'yan'uwan Alkasum sun matsa masa.

Na zage ka, na sani. Ban janye duka ba, amma na janye na rediyo, kuma na yarda da na faɗa maka alamar da ba mu zo nan ba. Kai ka ce kai ɗan zamani ne, ba ka tambayar kakar kowa. Ina roƙonka, ni da ban taɓa roƙon gidanku ko gishiri ba. Yaron nan shi kaɗai gare ni. Ka zo.

Yayarka,
Tsahara

Malbaza, Fabrairu 1972

Yaya Tsahara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafa? Akwai wani man shafawa da ake kawowa daga Sakkwato, an ce yana da kyau, na ba Hamani kwalba ɗaya ya kawo miki. Mai ɗakina na gaishe ki, yara na gaishe ki.

Aiki ya yi mana yawa a 'yan kwanakin nan. Ana duba kayan sito, ba na iya matsawa ko nan da can, ga kekena kuma ya lalace. Maganar Halima, kin san yarinya ba ta uba kaɗai ba ce. Kawunnanta mutanen Konni ne masu tsanani, kuma yanzu akwai masu zuwa tambaya a kanta. In na faɗi abin nan a zaure, kafin in iso gida ya riga ni isa Konni. Ba don ni ba, ni kin san ra'ayina, na ma rubuta shi. Ki duba ki gane.

Ki gaya wa Inusa ya yi haƙuri, mata ba su ƙare ba. In yana son aiki, ana ɗaukar masu dako a nan, zan yi masa magana.

Naki,
Labo

Illela, farkon zafi

Labo,

Lafiya lau. Man ya iso, na ba Hamani ya mayar maka, ba a buɗe ba.

Takardarka ranar Asabar ta zo. Ranar Juma'a muna zauren Alkasum tun hantsi, ni da Inusa, ya sa rigarsa ta Salla. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya miƙe ya leƙa. Dattawa suka je masallaci suka dawo, suka sake zama saboda mu. Da aka yi la'asar Alkasum ya sa aka kawo mana ruwa, ya ce mu gaida gida. An sa ranar Kande da mutumin Galmi.

Inusa ba ya son dakonka. Ya ce Ikko za shi, inda ba wanda ya san sunan kakarsa. Ba mu da na mota, sai na shiga Konni na nemi maƙerinka a bayan kasuwa. Ya gane riyal ɗin tun kafin in gama kwance shi. Ya ɗora a ma'auni ya biya ni nauyinsa, bai cuce ni ba. Na tsaya har ya sa shi a wuta, don ina so in gani da idona. Ya ce zobba zai yi. Abin da ya ba ni bai kai Ikko ba, iyakarsa Zariya, Inusa ya ce daga can zai nemi na gaba. Na raka shi tasha, na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Aikin da na sa ka ya ƙare. Azurfa ce ta gaske, kuma na san abin da ta kai. Ɗayan abin da ban tabbatar ba shi ne yadda gidan Chindo suka ɗauke mu, shi ma yanzu na sani.

Kada ka sake kirana Yaya a takarda, tunda ba ka iya faɗa a zaure.

Tsahara, jikar Uwani